Waliyyi a Cikin Kofi, Dokata a Gaban Hukuma

Ban taɓa sanin ina da kishi ba sai ranar da na ga hannun wata a kan kafaɗar Anselmo a wani hoto a waya. Ba ma hannun duka ba, yatsu uku ne da jan farce. Amma wallahi na faɗaɗa hoton nan da yatsa, na ƙara faɗaɗawa, har fuskokinsu suka dagule, ina neman abin da zai ƙara ƙona min rai. Na kuwa samu. Dariya yake yi, irin wadda yake rufe ido ɗaya, wadda nake zaton ni kaɗai nake sa shi yin ta.

Lahadi ce da safe. Ina zaune a kicin ɗinmu na unguwar Penha cikin tsohuwar rigar sanyin marigayi babana, ana ɗan yayyafin nan na São Paulo mai shiga ƙashi, uwata tana juye dambun masara a faranti.

"Jussara, wayar nan za ki ci ko dambu?"

"Ina zuwa, Mainha."

"Tun ɗazu kike zuwa, har yanzu ba ki iso ba. Shi ne?"

Na kife wayar. Ta zuba min man shanu, ta ɗora soyayyen ƙwai, sannan ta ɗaga kai ta harari saman firji. Can ɗan mutum-mutumin Santo Antônio yake, kai a ƙasa, ƙafafu a sama, cikin kofin ruwa. Tun da na haura talatin Mainha ta daina yi wa waliyyin aure ladabi.

"Ka dai ga abin da nake faɗa maka ko?" ta ce masa. "Ka kawo min mutumin nan ƙofar gida da ƙafarsa, in tsamo ka, in goge ka, in kunna maka kyandir. In ka ƙi, firiza za ka shiga, ka san na iya."

"Mainha, ki ji tsoron Allah."

"Shi ya ji. Haɗa aure ne aikinsa. Ke in ba ki yi naki aikin ba, barin ki ake yi?" Ta ja kujera ta zauna. "Ga Wanderlei nan mai gidan burodi, jiya ma ya aiko da kek ɗin rogo, ya ce a gaishe ki. Mutum da tanda biyu da motarsa, ba ya ɓuya, ba ya kwana-kwana. Shi wancan naki ko inuwarsa ban taɓa gani ba. Daren waliyyi ya kusa, za mu hura wuta a layi, kowa zai fito. In nakin bai zo ba, kusa da Wanderlei zan zaunar da ke, kuma kada ki kuskura ki ɓata min fuska a gaban mutane."

Na tura dambu a baki don kada in yi kuka.

Ku da kuke biye da ni, da ku da kuka faɗo yau, bari in nuna muku inda gizo ke saƙa.

Ni lauya ce a gidan da ke tsayawa tsakanin mai saye da mai sayar da hannun jari. Wanda ya saya a kasuwa bai san wanda ya sayar masa ba, bai kuma damu ya sani ba, don mu muke tsaya wa kowa. In dillali ya faɗi kafin a kammala ciniki, a kanmu abin zai ƙare. Shi ya sa kowane dillali sai ya ajiye jingina a wurinmu kafin ya taɓa kasuwa. Mainha har yau ce wa maƙwabta take yi a banki nake aiki, na gaji da gyara mata.

A tsohuwar ƙa'ida, in kasuwa ta hargitse da rana, sai washegari da safe muke cewa dillalai su ƙaro jingina. Ni da ƙawata Mitsue, wadda lissafi ne aikinta, muka ce ina! Tsakanin tsakar rana da wayewar gari ai gida zai iya ƙonewa ƙurmus. Muka zauna muka rubuta sabuwa: in girgizar ta kai wani mizani, a kira ƙarin jingina nan take, cikin awa guda. Sakin layi huɗu ne kacal. Amma kada ku ga ƙanƙantarta. Sai da ta bi ta kwamitin haɗari, suka tsefe ta, suka dawo mana da ita har na daina ƙirgawa. Ta je gaban manyan gida suka sa hannu. Aka aika wa dillalai su tofa albarkacin bakinsu, muka gyara abin da zai gyaru. Duk wannan fa share fage ne, don ko waƙafi ba mu da ikon canzawa a littafin ƙa'idarmu sai hukumar da ke kula da kasuwar hannun jari ta yarda. Ita kuma hukuma baza takardar take yi a fili, duk mai magana ya rubuto, a turo mana mu amsa ɗaya bayan ɗaya. In ta yi tambaya, agogo ya tsaya sai mun ba da amsa. In ta ce a canza wani abu mai nauyi, to an koma farko. Sai ta gamsu sannan a sa ranar fara aiki. Fiye da shekara na zuba a kan sakin layin nan huɗu. Mitsue takan ce dokar nan 'yar Jussara ce, ni ma haka nake ji.

Shi kuwa Anselmo a gidan rawa na haɗu da shi. Ya taka min ƙafa, ya ba ni haƙuri, ya sake takawa, ya ce tunda dai ya riga ya lalata takalmin, in bar shi ya ƙarasa waƙar. Dogo ne, mai ɗan furfura a gefen kai tun bai kai ba, yana magana a hankali irin ta mutanen jihar Minas. Na tambaye shi aikinsa, ya ce aikin gwamnati. Sai a fita ta uku muka gane a hukumar da ke duba mu yake. Muka yi ta dariya. Gini ne cike da mutane, muka ce me zai haɗa mu?

Watanni muna fita tare. Ya san yadda nake son kofina, na san tabon da ke gwiwarsa. Amma kun san halin garin nan. Ko shekara kuka yi kuna yawo tare, in namiji bai buɗe baki ya roƙe ki ba, ya ce ki zama budurwarsa, ya sa miki ɗan zoben azurfa a hannun dama, to ke ba kowa ba ce, abokiyar fita ce kawai. Anselmo bai roƙa ba. Ni kuma girman kai ya hana ni tambaya.

Rannan muna gidan abincin da ake auna faranti a sikeli, ya ajiye cokali ya ce, "Ju, dokarki ta sauka a teburina."

"Duk mutanen ginin nan?"

"Ni aka ba. Ban taɓa riƙe aiki mai girmanta ba. Wanda ya kai ta ƙarshe lafiya, shi ake sa ran zai riƙe sashen in shugabanmu ya yi ritaya." Ya murza goshi. "Amma ƙa'idarmu a fili take. In kana da alaƙa ta kusa da wani daga cikin masu magana, ka faɗa, ka janye. Ku ma na san kuna da irinta."

Na yi kamar wasa nake yi, na ce, "To wace alaƙa ce tsakaninmu, ranka ya daɗe?"

Ya kalli farantinsa. Jama'a, wake ya kalla. Ni ina gabansa da sabon jan baki, shi yana kallon wake.

"Ɗayanmu dai sai ya saki," ya ce. "Ni ba zan ce ki saki taki ba."

"Ai ko ka ce, ba zan saki ba. 'Yata ce."

"Na sani."

"To mu yanke magana yanzu mana."

Ya yi ɗan murmushi, ya kawo maganar kakansa kafinta, wadda yake yi min duk lokacin da na matsa masa: "Ba a hawa rufi ana tsaka da ruwa, Ju. Sai dai a tara bokiti."

Tun daga ranar sai shiru. Na tura masa "barka da safiya" da ɗan hoton kofi, ya karanta, bai amsa ba sai yamma: "Lafiya lau nake, Ju. Ba zan iya magana yanzu ba. Ki yarda da ni." Na sake turawa bayan kwana biyu: "Ka mutu ne?" Ya turo hoton hannu biyu a haɗe. Hannu biyu a haɗe! Kamar na tambaye shi sadaka. Na ce shi kenan, ya auna ni da kujera a sikeli, kujera ta fi nauyi. Ni kuma a wurin aikinmu me zan je in bayyana? In ce ina da alaƙa da mutumin da ba ya amsa saƙona?

Sai ga hoton nan. A wani taron ƙwararru aka ɗauke shi a Rio, teku a bayansu. Mai jan farcen kuwa ba baƙuwa ba ce a wurina. Doutora Maristela ce (Doutora ko Doutor ake kiran lauyoyi da manya a nan), lauyar ƙungiyar ƙananan dillalai, wadda tun ranar farko ta ɗaura ɗamarar kashe dokata. Ta girme ni da 'yan shekaru, ta fi ni tsawo, gashinta ko a cikin yayyafi ba ya tashi. Abin da ya fi cin raina shi ne ita ƙa'ida ta ba ta dama. Za ta nemi ganawa, a rubuta a rajista, ta shiga ofishinsa, a kawo musu kofi, su yi awa guda suna kallon juna da sunan aiki. Ni da na san tabon gwiwarsa, ko gaisuwa ba ni da ikon samu.

Ranar Litinin hukuma ta turo mana ra'ayoyin jama'a. Mitsue ta leƙo ta saman allon da ya raba teburinmu, tana tauna biskit.

"Ju, zo ki ga mutuniyarki. Shafi goma sha ta yi mana."

Na ja kujera. Zan faɗa muku gaskiya ko da tana da ɗaci: matar ta iya rubutu. Ta ce manyan dillalai suna da banki a bayansu, in an kira su da tsakar rana danna maɓalli kawai za su yi. Ƙananan kuwa sai sun ruga neman lamuni, ko su sayar da kayan mutane a lokacin da farashi ke faɗuwa, su ƙara wa kasuwar zazzaɓi. Ta nemi a ba da awa uku maimakon ɗaya, a kuma fara da manya tukuna. Ina karantawa ina cewa a raina, wannan muna da amsarsa, wannan ma Mitsue ta yi lissafinsa. Har na iso layin ƙarshe.

"Ba a hawa rufi ana tsaka da ruwa, sai dai a tara bokiti."

Na ji kamar an watsa min ruwan sanyi.

"Me ya faru?" in ji Mitsue. "Kin yi fari kamar takarda."

"Maganarsa ce."

"Maganar wa?"

"Ta kakansa ce. Har da bokitin. A ina ta ji bokitin, Mitsue? A rajista ake rubuta bokiti?"

Mitsue ce kaɗai ta san da Anselmo a duk ginin. Ta ajiye biskit ɗin, ta ce wataƙila karin magana ce da kowa ya sani a Minas. Na ce Maristela 'yar garin Santos ce, ko hanyar Minas ba ta sani ba. Ta ce wataƙila a taro ya faɗa. Na ce Anselmo ba ya kawo kakansa taro, sai wurin da ya cire takalmi.

Ni aka ba amsa wannan ra'ayin. Na zauna na rubuta: "Gidanmu ya gode wa ƙungiyar bisa wannan dogon surutu, yana kuma ba marubuciyar shawara ta riƙa tara bokitinta a ƙarƙashin nata rufin." Mitsue ta karanta ta bayana, ta miƙo hannu ta goge shi tas, ta rubuta: "Gidanmu ya yaba da wannan gudummawa mai muhimmanci." Na ce mata munafuka. Ta ce ita dai tana son albashinta.

Da yamma shugabanmu Doutor Abelardo ya kira ni. Tsoho ne mai ƙaton ciki da maɗaurin wando na kafaɗa, ba ya karanta abin da ya wuce shafi guda.

"Hukuma ta kira zama, Doutora. Mu, da ƙungiyar dillalai, a gaban kwamiti. Daga nan ko su yarda, ko su mayar da mu farko. Ke kika haife ta, ke za ki kare ta. Ni zama kawai zan yi in gyaɗa kai."

"Yaushe ne, Doutor?"

"Sha biyu ga Yuni."

Ranar masoya ta ƙasar nan. Jajibirin waliyyin Mainha. Na ce lallai wani a sama yana yi min dariya.

Ranar na tashi da wuri. Na sa kwat ɗina mai ruwan bula, wanda na saya don irin wannan rana, da farar riga mai ɗan kwalliya a wuya, da 'yan kunnen kakata. Na sa takalmin roba, na jefa mai tsinin a jaka. Mainha tana ɗaura tutocin takarda masu launi a ƙofar gida, maƙwabta suna jibge itacen wutar dare.

"Yau ne fa," ta ce, ba ta ko waiwayo ba. "Na gaya wa Wanderlei ya zo da wuri."

A jirgin ƙasa kowa da furensa. Wata yarinya kusa da ni tana ta juya sabon zobe a hannun dama, tana ɗaukar sa hoto. Na kau da kai, na shiga maimaita amsoshina, amma duk inda na fara sai in ƙare a kan bokiti.

A ƙofar hukuma na sauya zuwa mai tsinin. Ɗakin zaman dogon tebur ne, da ruwa a kofuna, da sanyin na'ura kamar ɗakin ajiye gawa. Mu uku a gefe ɗaya: ni, Mitsue, Doutor Abelardo. A ɗaya gefen Maristela da mutanenta, cikin farar riga wadda ko ɗigon kofi bai taɓa gani ba. Ta miƙo min hannu tana murmushi.

"Doutora Jussara, na ji daɗin amsarki. Akwai ladabi a ciki."

"Na gode, Doutora. Ni ma na ji daɗin karin maganarki."

Idonta ya ɗan motsa. Ni kuwa hannunta na kalla. Jan farce. Da zoben azurfa siriri a hannun dama. A hoton Rio babu shi, na rantse babu, don na haddace hannun nan fiye da nawa.

Mutanen hukuma suka shigo. Na gyara zama, na shirya fuskar da zan yi masa, ta wadda ba ta damu ba. Mutum huɗu suka zauna, babu Anselmo. A kujerarsa wani mai tabarau ne da ban taɓa gani ba.

Shugabar kwamitin, Doutora Eunice, mace ce gajera mai furfura, gashin a aske gajere. Ta buɗe zama, ta ce kafin a fara akwai sanarwa.

"Jami'in da aka fara ba wannan aiki, Doutor Anselmo, ya janye da kansa tun makon farko. Ya sanar da ofishin ɗa'a cewa yana da alaƙa ta zuciya da mutum ɗaya daga cikin ɓangarorin nan. Ofishin ya bincika, ya tabbatar bai taɓa komai a takardar ba, kuma an hana shi magana da kowane ɓangare har a buɗe wannan zama. Ba al'adarmu ba ce mu ambaci suna. Amma don kada gobe wani ya ƙalubalanci hukuncinmu, mai alaƙar ta san kanta, muna roƙon ta bar mana ɗakin kafin mu fara."

Kowa ya shiga satar kallon na kusa da shi.

Ya janye. Tun makon farko. Ya saki kujerar da yake mafarki saboda wata. Saboda wa?

Mitsue ta danne min gwiwa ta ƙarƙashin tebur, ta raɗa min ba tare da ta motsa leɓe ba: "Kada ki motsa. In kin fita an kashe mu."

Gaskiyarta. In na fita, Doutor Abelardo ne zai kare dokar, mutumin da bai san a wane shafi sakin layi na biyu yake ba. Mitsue ta san lissafi, amma in ta ga manya muryarta gudu take yi. Sannan in na miƙe ya zama ba ni ba ce fa? In na miƙe a gaban duk kasuwar nan na ce ni ce, aka ce a'a, baiwar Allah, koma ki zauna? Da wane ido zan sake shiga jirgin ƙasa? In kuma ni ce na yi zamana, to na ƙaryata shi a gaban shugabanninsa, bayan ya yi abin da bai iya yi a gaban farantin wake ba.

Ina cikin wannan sai na ji ƙas. Maristela ce ta rufe alƙalaminta. Ta haɗa takardunta. Ta kai hannu, hannun nan mai zobe, ta jawo igiyar jakarta.

'Yan uwa, ban yi tunani ba. Duk karatun da na yi, duk shekarar da na zuba, babu wanda ya zo min a rai. Abu ɗaya kawai na sani: matar nan ba za ta riga ni zuwa ƙofar nan ba. Na miƙe da ƙarfin da ya sa kujerata ta kife.

"Doutora Jussara?" in ji Doutor Abelardo. "Ina kuma za ki?"

"Ni ce," na ce, da muryar da ta fi wadda na yi niyya. "Ni ce, Doutora Eunice. A gafarce ni."

Na tura wa Mitsue takarduna ban kalli fuskarta ba, na nufi ƙofa, tsinin takalmina yana ƙwas-ƙwas.

Anselmo yana zaune a benci a farfajiya, ya rame, babu ko ɗamarar wuya. Da ya gan ni ya miƙe, ya rufe ido ɗaya, dariyar nan ta fara zuwa.

"Ju. Na ce ki yarda da ni. Sun tura ni ɗakin ajiyar tsofaffin ƙorafe-ƙorafe, can ƙasa, ko taga babu. Kullum sai na..."

Ƙofar ta sake buɗewa a bayana. Wani ƙwas-ƙwas ɗin, wanda ya fi nawa natsuwa. Dariyar ta mutu a fuskarsa.

"Au," in ji Maristela, ta dube ni, ta dube shi. "Ashe mu biyu ne?"

Muka tsaya cirko-cirko mu uku kamar zakaru. Ni kuwa ina lissafin nisan da ke tsakanin hannuna da farar rigar nan.

Sakataren kwamitin ya leƙo da 'yar takarda a hannu, yana share gumi duk da sanyin wurin.

"Doutora Eunice ta ce suna ɗaya ne a wurinta, ba biyu ba. Wadda ba ita ce mai alaƙar ba ta dawo, ana jira."

Ya sunkuyar da kai yana neman sunan wadda za ta koma ciki. A wannan ɗan lokacin na kama kaina ina addu'a. Fiye da shekara ina roƙon Allah ya kai ni ɗakin nan in tsaya wa dokata. Yanzu ga ni a bakin ƙofarsa ina cewa, ya Allah kada a kira ni, Santo Antônio na tuba a madadin uwata, kada a kira ni.

"Doutora Maristela, ki shigo."

Na yi hamdala a raina.

Ita kuwa ko a jikinta. Ta gyara zaman rigarta, ta juya zoben nan da babban yatsa, ta matso har na ji ƙamshin turarenta.

"Barka, yarinya. Kin samu." Ta yi ƙasa da murya. "Amma in kin huce, ki tambaye shi abin da ya sa ni ma na miƙe. Ki tambaye shi a gidan wa aka fara tara bokitin."

Ta shige, aka rufe ƙofa. Ba a jima ba na jiyo muryarta ta cikin katakon, a natse, kamar mai yanka kek: "Bari mu fara da sakin layi na biyu." Na jiyo tarin Doutor Abelardo, da ƙarar takardu ana ta juyawa ana neman shafi. 'Yata ce a kan tebur, ni kuma ina waje.

Anselmo ya kamo hannuna na dama. Ya zura ɗaya hannun a aljihu, na ga shacin ɗan akwati.

"Ju, tunda hukuma ta riga ta sani, saura ke. Za ki yarda ki..."

"Dakata. Wace ce ita a wurinka?"

"Tsohon zance ne. Ba nan ya kamata..."

"Nan ya kamata. Na bar 'yata a hannunta saboda kai. Wace ce ita?"

Ya kalli ƙasa kamar yadda ya kalli waken nan. "Ju, kin san ba a hawa rufi..."

"Wallahi ka ƙarasa maganar nan, sai ka haɗiye akwatin da ke aljihunka."

Bai saki hannuna ba, ni ma ban ƙwace ba, kuma wannan ya fi komai ba ni haushi. Wayata ta yi ƙara a jaka. Na ciro ta da hagu. Mainha ce, ta turo hoton kofin da ke saman firji, da 'yan ƙafafun nan a sama.

"Ya ake ciki? Zai zo daren nan? In tsamo shi?"

Na dubi Anselmo, na dubi ƙofar, sannan na rubuta mata da yatsa ɗaya:

"Zai zo. Ki sa masa kujera kusa da ni. Shi kuma waliyyin, sa shi a firiza."